Wata ƙungiya na son fita aikin gayya da ɗaliban sakandarenmu: mu karɓa ko mu ƙi?

Wata malama da ke koyarwa a makarantar sakandare ta gwamnati a cikin garin Kaduna ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Wata ƙungiya irin su Rotary da Lions ta zo makarantarmu tana neman a ba ta ɗalibai su riƙa fita tare don taimakon al'umma, kamar yashe kwata, dasa itatuwa da ziyarar gidan marayu. Shugaban makaranta ya ɗora mini nauyin abin. Iyaye sun fara guna-guni. Wasu na cewa ba su san asalin ƙungiyar ba, wasu na cewa za a mai da 'ya'yansu leburori. Mu karɓa? In mun karɓa, wane aiki ya dace da yara, kuma yaya za mu tsara shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka. Ki karɓa, amma kada ki karɓa a yadda suka kawo shi. Na daɗe ina shiga tsakanin makarantu da irin waɗannan ƙungiyoyi a garin nan, kuma abin da ke raba aikin da ya ɗore da wanda ya mutu a ranar farko tambaya ɗaya ce: aikin na wane ne? In ƙungiya ce ta zaɓi wuri da rana, ta zo da riguna masu tambari da mai ɗaukar hoto, sannan ta ce a ba ta yara hamsin, to iyayen da suka ambaci leburanci ba su yi ƙarya ba. In kuwa ɗalibai ne suka gano matsalar, suka yi lissafin abin da za ta ci, suka je gaban mai unguwa suka yi bayani da bakinsu, suka koma bayan wata guda don su ga abin da ya biyo baya, to sun samu karatun da aji ba ya iya ba su.

Ki fara da sanin mutanen da za ki yi hulɗa da su, domin iyaye za su tambaye ki. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Da farko haɗuwar 'yan kasuwa da masu sana'a ce don su san juna, hidimar jama'a daga baya ta shigo ta zama ginshiƙi. Lions ma a Shikago aka kafa ta a 1917 ta hannun Melvin Jones, kuma an fi saninta da aikin ido tun daga 1925, lokacin da Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta roƙe su a taronsu da su rungumi lamarin makafi. Mutane da yawa na ɗauka abin 'yan Kudu ne, alhali reshen Rotary na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya, marigayi Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya yi zama a Kano, ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004. Kowaccensu na da reshen matasa. Na Lions shi ne Leo, tun 1957. Na Rotary na 'yan sakandare shi ne Interact, wanda aka fara a 1962, na masu shekara 12 zuwa 18. A tsarin Interact ɗalibai ne ke zaɓen shugabanninsu da ma'ajinsu, kuma ana so su yi aƙalla ayyuka biyu a shekara, ɗaya na makaranta ko unguwa, ɗaya na fahimtar juna da mutanen wasu ƙasashe. Saboda haka in kin ce musu yara ne za su ja ragama, dokarsu kika tuna musu.

Akwai wani abu a tsarinsu da in kin gane shi za ki gane halinsu duka. Shekararsu na farawa ne ranar 1 ga Yuli, kuma kowace shekara sabon shugaba ake yi. Mutum na da wata goma sha biyu kacal ya nuna abin da ya yi kafin ya miƙa wa na bayansa. Wannan ne ya sa suke son aikin da ake gamawa a yini guda, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, a sa a rahoto. Ba mugunta ba ce, yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da 'yan kasuwa masu fitar da kuɗin aljihunsu da kyakkyawar niyya. Sai dai agogonsu daban ne da na unguwa. Kwata ba ta san an canza shugaba ba. Ke da makaranta ku ne za ku riƙe abin da ya wuce shekara, don haka tun zaman farko ki nemi a zo miki da shugaba mai jiran gado, wanda tun kafin Yuli sun riga sun san shi.

Maganar iyayen da ke shakkar asalin ƙungiyar, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki bari wani ɗan boko ya kira su jahilai a gabanki. Shakkar na da tushe. Akwai malamai, musamman a ƙasashen Larabawa, da suka yi fatawar a nisanci Rotary da Lions bisa zargin alaƙa da ƙungiyar asiri ta Firimason. Ƙungiyoyin sun sha musanta wannan, kuma a rubuce ba ruwansu da addini ko jam'iyya. Ko fadar Paparoma a 1951 ta hana limamanta zama 'yan Rotary kafin daga baya a sassauta. Ke ba alƙalin wannan muhawara ba ce, kuma ba ki buƙatar ki ci nasara a kanta kafin a yashe kwata. Mafita ita ce ƙungiyar ɗalibai ta zama ta makaranta, da sunan makaranta, ƙarƙashin shugaban makaranta. Baƙin su shigo a matsayin masu tallafi. Babu rantsuwa, babu katin zama memba sai ga wanda iyayensa suka so. A kira taron iyaye da malamai, a gayyato shugabannin ƙungiyar su tsaya su amsa tambayoyi da kansu, da Hausa in za su iya. A gayyaci mai unguwa da liman da fasto. Yaron da mahaifinsa ya ce a'a, a ƙyale shi, kada a rage masa maki ko a yi masa gori.

Mun ga yadda irin wannan ke tafiya a lamarin shan inna. Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar a 1985, ta zuba kuɗi masu yawa, amma a 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin. Abin da ya dawo da amincewa shi ne shigowar mutanen da jama'a suka sani: malamai, masu unguwanni, da kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. A 2016 aka ga kamun ƙarshe na asalin ƙwayar cutar a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Kuɗin daga waje suka zo, amma ƙofar gida wanda aka sani ne ya buɗe ta. Ki kuma tuna wa iyaye cewa aikin sa-kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu da gayya suke noma da ɗaukar jinka da gyaran hanyar rafi, kuma a garin nan ne Sardauna ya kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, wadda 'yan agajinta ke tsare sahu a filin idi da ɗaukar marasa lafiya har yau. A coci-coci kuma ga 'yan Boys' Brigade da Girls' Brigade. In za ki iya jawo ɗaya daga cikin waɗannan, ko Red Cross, su tsaya tare da ku a ranar aiki, rabin guna-gunin ya tafi.

Yanzu ga aikin kansa. Kafin a zaɓi komai, ki raba ɗalibai gida-gida na mutum biyar ko shida, ki ba su mako biyu su zagaya unguwar da ke kewaye da makaranta da littafi da biro. Su rubuta abin da suka gani, su tambayi mai shayi, mai kanti, matan aure, mai gadin makaranta, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Su dawo su yi muhawara su zaɓi abu ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke tsallake kwalbatin nan kullum da safe ya fi kowane babban mutum da ya zo da mota daga Unguwar Rimi sanin wane ruwa ne ke shiga gidan wa. Sau da yawa abin da za su zaɓa ba zai zama abin da ƙungiya ta zo da shi ba. Za ki ji sun ce makewayin 'yan mata ba shi da ƙofa, ko famfon tuƙa-tuƙa ya shekara a lalace saboda wata 'yar roba da ta cinye.

Yashe kwata shi ne aikin da kowa ke fara kawowa, kuma shi ne wanda aka fi yi ba daidai ba. Amfaninsa a bayyane yake. Ledar fiya wata da robobi da yashi su ke toshe magudanan ruwa, kuma in damina ta yi nisa a Agusta da Satumba, kogin Kaduna ya cika, mutanen Kigo Road da Rafin Guza da sassan Nasarawa da Barnawa sun san abin da ke biyo baya. To amma lokacin yashewa Afrilu ne zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai. Sannan abin da aka tono daga kwata in aka jibge shi a bakinta aka tafi, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. Na sha ganin unguwa an yi mata gayya ranar Asabar, an yi jawabi, an raba lemo, ranar Talata ƙazantar na nan a bakin titi awaki na tonawa. A nan ne ƙungiya ke da amfani na gaske. Su ke da kuɗin hayar tifa, su ke da wanda zai ɗaga waya ya kira hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, ko sashen tsabta na ƙaramar hukuma, a san inda za a kai sharar. Ki gaya musu a fili: ranar da babu motar kwashewa, babu fita.

Shiga cikin kwata kuwa ba aikin ɗalibi ba ne. A ciki akwai fasassun kwalabe, reza, ƙusa mai tsatsa, da alluran da masu kemis ke zubarwa. Rufaffen kwalbati da ramin shadda na tara iska mai guba da ke iya sumar da ƙato cikin ɗan lokaci, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Manya masu takalmin roba da safar hannu mai kauri su za su shiga, ko matasan unguwa ko leburorin da ƙungiya ta biya. Ɗalibai su zana taswirar inda ya toshe, su bi shaguna su yi magana da masu su, su tura baro, su ware robobi da gwangwani a sayar wa 'yan jari-bola kuɗin ya shiga asusunsu. Kada a ƙona leda, hayaƙinta cuta ne, duk da dai mun saba. Wani ƙarin ilimi da malamin kimiyya zai ji daɗin koyarwa a wurin: sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da ke kwance a rana, irin na ramin da aka haƙi ƙasar gini ko sawun taya, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa biyu. Sauron baƙar kwata wani iri ne daban, mai damun mutane da cizo da kuka. Don haka cike ƙananan ramuka da ƙasa, aikin da ba shi da haɗari ko kaɗan, ya fi kusa da maganin zazzaɓi.

Dashen itatuwa abu ne mai kyau da ake ɓatawa da son yawa. A kawo tsiro ɗari biyar a dasa a yini ɗaya, a ƙirga a rubuta. Ƙidayar gaskiya a watan Maris ake yinta, bayan hunturu da zafin bazara da awakin unguwa sun gama nasu. Ashirin da za su rayu sun fi. A dasa a Yuni ko farkon Yuli don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. Kowane tsiro a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo, kuma kuɗin kariyar nan ya fi na tsiron, ki sa a cikin lissafi tun farko. Kowace bishiya a ba ta ɗalibai biyu da sunansu, ɗaya daga cikinsu ɗan SS1 wanda zai kai shekara biyu nan gaba yana makarantar. A kuma amsa tambayar da ba a son yi: wa zai yi ban ruwa a hutun Disamba da na Afrilu? In mai gadi ne, a yi magana da shi, a san abin da za a ba shi. Darbejiya na jure fari kuma tana ba da inuwa da wuri, mangwaro na sa yara su kula da shi don suna jiran 'ya'ya, zogale na saurin girma. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da gini, kada kuma a dasa komai a ƙarƙashin wayar lantarki.

Ziyarar gidan marayu ba na ba da shawararta a yadda aka saba yi. A shigo da kwalayen biskit da taliya, a jera yara su yi waƙa, a ɗauki hotonsu a watsa, a tafi sai baɗi. Maraya ba abin kallo ba ne. In ana son taimakon, a tambayi masu kula da gidan abin da suke buƙata a kai musu ba tare da biki ba.

Aikin da na fi so, wanda kuma na ga ya fi canza ɗaliban kansu, shi ne koyar da ƙannensu karatu. Kusan kowace sakandare a garin nan akwai firamare kusa da ita, kuma ke malama ce, kin san akwai 'yan aji huɗu da biyar da ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Tsarin mai sauƙi ne. A gwada kowane yaro shi kaɗai cikin 'yan mintoci: yana gane harafi? yana karanta kalma? jimla? ɗan gajeren labari? Sai a raba su bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa ajinsa ko shekarunsa ba. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta yi suna da wannan hanya, kuma an ɗauke ta a ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya. Ɗalibin sakandare ɗaya ya riƙe yara biyar ko shida, minti arba'in, sau biyu a mako. A fara da harshen da yaro ke ji, a mafi yawan unguwanninmu Hausa ke nan, domin wanda ya iya karanta "ba, bi, bu" ya gane sirrin haɗa sauti, Turanci zai zo masa da sauƙi. Kayan aikin alli ne da kwali da maka da 'yan littattafan labari, wanda ƙungiya za ta saya ba tare da ta ji a jikinta ba. A ƙarshen zango a sake gwajin, ɗalibai da kansu su ƙirga yara nawa suka tashi daga harafi zuwa kalma. Akwai kuma wata riba da ba a faɗa a taro. Cikin 'yan SS1 ɗinki akwai waɗanda su ma karatun bai zauna musu ba, kunya ta hana su faɗa. In aka ba su yara su koyar, sai su koma kan tushe ba tare da kowa ya sani ba. Matsalar wannan aiki ɗaya ce, ba ya yin kyau a hoto, don haka sai kin dage kafin ƙungiya ta yarda.

In ƙungiyar masu aikin ido ce, ga wani abu da ya dace da su. Ana iya koya wa ɗalibai gwajin gani da allon haruffan nan da ake ratayewa, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya karanta. Wanda ya kasa karanta layin da ke da lambar 6/12 a allon a rubuta sunansa, a sanar da iyayensa, ƙungiya ta ɗauki nauyin kai shi wurin masana, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa nan cikin Kaduna. Yara da yawa da ake wa kallon daƙiƙai allo ne ba sa gani. Iyakar ɗalibi gwaji da rubutu. Ba ya ɗiga magani, ba ya raba tabarau. In kuma aka zo da maganar ba da gudummawar jini, wannan na masu shekara 18 zuwa sama ne, ki cire yaranki daga ciki.

Sai maganar tsaro, wadda a nan ba a sassauci. A dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da wadda jihar Kaduna ta yi a 2018, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ko da gemu ya fara fito masa. In wani abu ya faru, ke da shugaban makaranta za a fara nema. Don haka komai ya zama a rubuce: izinin ofishin ilimi na shiyya, izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma in za ku shiga firamare, da takardar amincewar kowane uba ko uwa, wadda aka rubuta da Hausa da Turanci, mai ɗauke da wuri da lokacin tafiya da na dawowa. Babu babban da zai keɓe da ɗalibi shi kaɗai, kowane ne shi, komai girman motarsa. Babu karɓar lambar wayar ɗaliba, babu "zo in rage miki hanya". Saƙo ya bi ta hannunki ko ta zauren WhatsApp da kike ciki. Inda akwai 'yan mata dole a samu malama mace a tare da su daga fita har dawowa. Rotary na da rubutattun ƙa'idojin kare matasa, ki ce su kawo miki ki karanta. Wanda ya ji haushin wannan buƙata ya riga ya ba ki amsa. A tafi da akwatin taimakon gaggawa da ruwan sha, a san asibitin da ya fi kusa.

Kada aiki ya wuce inda za a iya zuwa da ƙafa daga makaranta, aƙalla a shekarar farko. Iyayen Kaduna ba su manta da sace ɗaliban Afaka a Maris 2021 ba, da na Bethel Baptist a Yulin shekarar, da na Kuriga a Maris 2024. Uban da ya ce ba za a fita da 'yarsa bayan gari ba yana da hujja. Saboda wannan dalilin, kada a sanar a Facebook cewa ɗalibai kaza za su kasance a wuri kaza ranar kaza. In za a sa hoto, bayan an dawo ne, kuma na waɗanda iyayensu suka yarda.

Lokaci ma sai an duba. Baƙin za su ce Asabar da safe, don ita ce ranar da ba sa ofis. Amma yaranmu da yawa na Islamiyya ko hadda a ranakun Asabar da Lahadi, wasu kuma na coci ranar Lahadi, wasu na tsaron shago. Alhamis da Juma'a ne hutun Islamiyya, don haka yammacin Alhamis bayan an tashi ya fi dacewa da aikin mako-mako, a bar Asabar ga babban aiki sau ɗaya a zango. Kowa ya isa gida kafin magariba. Da azumi a ajiye aikin ƙarfi. 'Yan SS3 kuwa daga zango na biyu ki sallame su, JAMB da WAEC da NECO na gabansu daga Afrilu har Yuli, kuma babu uban da zai yafe miki in ɗansa ya faɗi lissafi yana dashen darbejiya.

A kan kuɗi, ki sa ɗalibai su riƙe littafin shiga da fita, ko da kuɗin na hannun malami. Su je kasuwa su tambayo farashin shebur da manjagara a shago uku, su rubuta, su karɓo rasit, su karanta lissafin a gaban 'yan uwansu da wakilin ƙungiya. A ƙasar da kowa ke kukan an ci kuɗin jama'a, yarinyar da ta tsaya a gaban mutane ta yi bayanin inda kowace naira ta shiga ta koyi wani abu babba. Kada a raba wa yara kuɗi a hannu da sunan alawus. Ranar da aka fara, ranar da babu kuɗin ba za ki ga kowa ba. Ruwa da abinci da kayan aiki sun isa. Kayan aikin kuma a bar su a makaranta, a rubuta adadinsu. In kakar zaɓe ta matso za ki ga masu neman kujera na son su "tallafa" da riguna masu hotonsu. Ki ba su haƙuri cikin ladabi.

Akwai abu ɗaya da irin wannan ƙungiya za ta iya yi wa Kaduna wanda makaranta ita kaɗai ba za ta iya ba. Tun rikicin 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, garin ya rabu, kogi ya zama iyaka. Akwai yaro a Rigasa ko Tudun Wada da ya kai SS2 bai taɓa zama benci ɗaya da Kirista ba, akwai na Sabon Tasha ko Narayi da bai da aboki Musulmi ko ɗaya. Waɗannan ƙungiyoyi na cikin 'yan wuraren da har yanzu za ki ga Alhaji da Dikin a teburi guda. In aikinku ya kafu, a shekara ta biyu su haɗa ku da wata makaranta a ƙetaren gada, da yardar iyaye da mota mai aminci. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna kafin su kafa cibiyar sasanci a garin nan a 1995, sun nuna abin mai yiwuwa ne. Shawarata kawai kada a tara yaran a zaure a yi musu lacca kan zaman lafiya. A ba su fenti da buroshi da aji guda, a cakuɗa su, a bar su su yi gardamar wa ya ɓata bango.

Kafin ki koma wurin shugaban makaranta, ki rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya: abin da ƙungiya za ta kawo, abin da makaranta za ta yi, abin da ɗalibai ba za su taɓa yi ba, da sunan mutum ɗaya daga kowane ɓangare da za a nema. Shugabansu na yanzu da mai jiran gado duk su sa hannu. A ɓangarenku ma a samu malami na biyu da ya san komai, domin canjin wurin aiki na iya zuwa miki ba sanarwa. Masu yi wa ƙasa hidima na da amfani sosai a nan tunda aikin raya al'umma na cikin wajibinsu na mako-mako, sai dai shekara ɗaya suke yi, kada a ɗora ginin a kansu. A zango na uku, kafin hutun Yuli, 'yan SS2 su zaɓi magadansu daga SS1, su miƙa musu littafin kuɗi da jerin kayan aiki da sakamakon gwajin yaran firamare. Takardar shaida kuma a ba wanda littafin halarta ya nuna ya zo, a rubuta a jikinta aikin da ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka, shugaban makaranta da na ƙungiya su sa hannu. Wasu guraben tallafin karatu, musamman na ƙasashen waje, na tambayar irin wannan shaida, don haka ki ce su adana ta tare da sakamakon jarrabawarsu.